Sashen ba da shawara na jami'a a Saudiyya: yadda yake karɓar ɗalibin Bahaushe

Ɗalibin Bahaushe da ya zo karatu Saudiyya ba ya cika wata guda kafin ya san ofisoshin da rayuwarsa ta rataya a kansu. Ya san inda ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ya san inda ake bin bahasin mukafa'a, wato alawus ɗin da jami'a take ba ɗalibi, idan ta yi jinkiri, ya kuma san tagar da ake karɓar tikitin komawa gida lokacin hutu. Amma akwai wani sashe a ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai, wanda ake kira sashen irshadi, inda masana halayyar ɗan Adam suke zaune domin sauraron wanda damuwa ta yi wa yawa, kuma da wuya ka sami ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu na Najeriya ko Nijar ko Gana ko Hausawan Sudan da zai ce maka ya taɓa shiga ƙofarsa. Wannan sharhi a kan irin wannan sashe ne a jami'ar da nake karatun digiri na biyu a yammacin ƙasar nan, kuma na sakaya sunanta saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. A ganina hidimar tana da inganci, ma'aikatanta sun san aikinsu, kuma ba a karɓar ko riyal ɗaya daga hannun ɗalibi. Sai dai an tsara ta ne da tunanin wanda aka haifa a nan, mai Larabci a bakinsa da iyaye a kusa da shi, shi ya sa namu, waɗanda suka fi kowa buƙatarta, suka fi kowa nisa da ita.

Buƙatar kuwa babba ce. Binciken ƙasa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda Cibiyar Sarki Salman ta Binciken Nakasa ta jagoranta aka kuma fitar da rahotonsa a 2019, ya tattauna da 'yan ƙasa kimanin 4,000 masu shekara 15 zuwa 65, ya gano cewa kashi 34 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, a tsakanin matasa kuma adadin ya kai kimanin mutum 2 cikin 5. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a rahoton shi ne kashi 80 cikin 100 na waɗanda larurarsu ta yi tsanani ba sa neman magani ko kaɗan. Waɗannan 'yan ƙasa ne da suke zaune a ƙasarsu. Shi kuwa namu ɗalibin ya baro Kano ko Zindar ko Mai Wurno, ya shafe zango bayan zango a ma'ahadin koyon harshe yana haɗa jimla da ƙyar, sannan ya shiga kulliya, wato tsangayar karatunsa, inda rashin halartar fiye da kashi 25 cikin 100 na darussa yake jawo hirmani, wato a hana shi jarrabawar wannan darasi, inda kuma mu'addali, wato matsakaicin makin ɗalibi, idan ya faɗi ƙasa da 2 cikin 5 yake jawo inzari, wato gargaɗi daga jami'a. A gida kuma an ɗauka duk wanda yake ƙasa mai tsarki ya warke. Tun da darajar naira ta zube a 2023, 'yan riyalolin mukafa'a suka zama abin da ake jira a gidaje da yawa, kuma na san waɗanda aka kira da tsakar dare ana neman gudummawar kuɗin fansar wani ɗan'uwa da aka sace. 'Yan'uwanmu na Sudan suna da nasu nauyin tun daga 15 ga Afrilun 2023, domin wasu sukan yi makonni ba su ji muryar mahaifiyarsu ba.

Mu kuma an rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka damuwar takan ɓullo ta jiki: ciwon kai wanda ba ya jin Panadol, nauyi a ƙirji, bugun zuciya, barcin da yake yankewa tun kafin kiran sallar farko, da karatun da ake maimaita shafi guda ba ya zama. Ɗalibi zai yi ta zarya asibitin jami'a ana auna jininsa ana ce masa lafiyarsa ƙalau, shi kuma ya san ba ƙalau yake ba.

Shiga sashen ba shi da wahala. Ana iya ɗaukar lokaci ta shafin ɗalibai na intanet, ana kuma iya zuwa kai tsaye a rubuta suna a jira. Ɗakin ganawar ƙarami ne mai tsabta, da kujeru biyu masu laushi da aka ajiye a karkace yadda ba dole ne a riƙa kallon juna ido cikin ido ba, abin da ya dace ƙwarai da ɗabi'armu ta sunkuyar da kai a gaban babba. Babu tebur a tsakani, sai ɗan ƙaramin kanta mai ɗauke da gorar ruwa da kwalin takardar share hawaye. A zaman farko akan miƙa wa ɗalibi takarda mai tambayoyi 9 a kan yadda ya kasance cikin mako 2 da suka wuce, game da barci, cin abinci, gajiya, natsuwa wajen karatu da jin cewa ya zama abin kunya ga danginsa, sai wata mai tambayoyi 7 a kan fargaba. Waɗannan ma'aunai ne da ake amfani da su a asibitocin duniya, masu suna PHQ-9 da GAD-7. Tambaya ta tara a takardar farko tana tambaya ne ƙarara ko mutum ya taɓa jin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, kuma na yaba da yadda ba a tsallake ta don kunya, domin bincike ya nuna cewa yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, a maimakon haka yana buɗe masa hanyar faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Inda na ga ƙwarewar sashen da idona shi ne lokacin da wani ƙanenmu ya roƙe ni in raka shi in yi masa tafinta. Ya ba ni izinin ba da labarin muddin ba za a gane shi ba. Yaro ne mai himma, mahaddaci, amma waswasi ya hana shi sakat. Yakan shiga wurin alwala tun ana kiran salla, a tayar da iƙama yana can, a sallame yana can yana sake wanke hannu, har fatar bayan hannunsa ta fara tsagewa. Idan ya tsaya salla kuma sai ya yi ta maimaita kabbarar harama. Darasin farko na safe ya riga ya kuɓuce masa sau da yawa har hirmani ya matso. Da ya zo wurina cewa ya yi, "Yaya, ina jin imanina ne ya lalace, ko kuma an yi mini wani abu daga gida."

Mai ba da shawarar, dattijo ne da kowa yake kira Dakta, ya saurare shi har ya gama ba tare da ya katse shi ba. Daga nan ya tambaye shi wane littafin fiƙihu ya fara karantawa a garinsu. Yaron ya ce Ahalari. Dakta ya ce, to me malaminka ya karantar da kai game da mai waswasi a salla? Nan take yaron ya kawo hukuncin da ka, cewa mai waswasi ya watsar da waswasin daga zuciyarsa, kada ya sake kawo abin da yake shakka a kai, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Dakta ya ce, "To ɗana, hukuncin ka san shi tun kana ƙarami. Abin da ya rage shi ne ka sami ƙarfin binsa, wannan kuwa aikina ne ni da kai. Larura ce sananniya da muke gani kullum, tana kama masu ibada da waɗanda ba su damu da ita ba, kuma tana da magani." Na ga kafaɗun yaron sun sauka a lokacin da na fassara masa wannan magana.

Hanyar da suka bi ita ce wadda masana suka fi amincewa da ita ga wannan larura. Dakta ya bayyana masa cewa duk lokacin da ya sake alwala yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, wannan sauƙin kuma shi ne yake koya wa ƙwaƙwalwa cewa ba za ta huta ba sai an maimaita, saboda haka kowace maimaitawa ƙara wa ciwon ƙarfi take yi. Maganin shi ne ya fuskanci shakkar ya ƙi yi mata biyayya. Suka yi yarjejeniya cewa zai yi alwala sau ɗaya, ya fita daga wurin ko da zuciyarsa tana ce masa bai shafi kai ba, ya shiga sahu haka nan, sannan ya rubuta a ɗan littafi yadda fargabarsa ta kai, daga 0 zuwa 10, a lokacin da ya fito da kuma bayan sallama. Makonnin farko sun yi masa tsanani ƙwarai, har ya yi niyyar dainawa. Amma da ya riƙa duba littafin yana ganin lambar tana sauka da kanta ba tare da ya koma famfo ba, sai ya fara yarda da abin. Ban ce ya rabu da waswasi gaba ɗaya ba, yakan motsa masa lokacin jarrabawa, amma yanzu yana samun jam'i tun daga raka'ar farko, kuma bai yi hirmani ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi hana mutanenmu zuwa, wato zaton cewa ɗakin likita da ɗakin malam kishiyoyin juna ne. A wannan sashe ban ga alamar haka ba. Ba a taɓa ce wa yaron ya bar azkar ko ruƙiyyar da yake yi wa kansa ba, sai ma ƙarfafa masa gwiwa da aka yi a kan addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da ta tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da aka ja masa kunne a kai shi ne masu karɓar kuɗi su tabbatar wa mutum cewa an yi masa sammu, su bar shi yana zargin danginsa. Ga ɗalibin ilmin addini, ya kamata a tuna cewa wannan fage ba baƙo ne a turasinmu ba, wato ilmin da muka gada daga magabata. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani sanannen dalili ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani, ya kuma ware babi a kan waswasi. Duk da haka tsoron suna yana nan a ɓangarorin biyu, domin kamar yadda ambaton Dawanau yake a kunnen Bakano, haka ambaton Shahar, asibitin masu taɓin hankali na Ɗa'ifa, yake a kunnen mutanen nan, kuma ɗalibi yana gudun a ce ya taɓu alhali abin da yake damunsa rashin barci ne da kewar gida.

Ma'aikatan sashen ba sa rubuta magani. Idan suka ga abin ya wuce zaman tattaunawa, sukan tura ɗalibi wurin likitan ƙwaƙwalwa da takarda, kuma sukan nemi a fara duba jini tukuna, saboda ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala da sanyin jiki masu kama da ciwon damuwa. Bayanin da suke yi game da magani ya gamsar da ni. Sukan faɗa wa ɗalibi cewa magungunan ciwon damuwa ba sa aiki nan take, sau da yawa sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ji cikakken amfaninsu, cewa ana ci gaba da shan su watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke su dare ɗaya sai da shawarar likita. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare mu musamman, domin dogon hutu yakan zo mutum yana tsakiyar magani, sai ya tafi gida ya bari don kada a gan shi da ƙwaya. Wanda zai yi tafiya ya nemi likita ya rubuta masa abin da zai ishe shi tare da takardar shaida. Haka nan kada wani ya kuskura ya taho da ƙwayoyin barci ko tiramadol daga gida ba tare da takardar likita ba, domin dokar ƙasar nan a kansu mai tsauri ce.

Ƙorafina na farko shi ne harshe, kuma shi ne mafi girma. Ana ganawa da Larabci, wani lokaci da Turanci, babu mai jin Hausa ko wani harshen Afirka ta Yamma a cikin ma'aikatan, alhali jami'ar tana da ɗalibai masu yawa daga can. Mutum yana iya rubuta bahasi a kan usulul fiƙihi da Larabci mai kyau amma ya kasa bayyana abin da yake ji game da mahaifinsa sai da harshen da aka yi masa faɗa da shi. Mafitar da ake bi, wato ɗalibi ya zo da abokinsa ya yi tafinta, tana rushe sirrin da aka gina sashen a kansa. Ni da kaina na lura akwai wuraren da yaron nan ya yi shiru saboda ina zaune, kuma ban ga laifinsa ba, tunda gobe za mu haɗu a ɗakin cin abinci, ga shi kuma na san garinsu. Takardun tambayoyin ma da Larabci suke, ɗalibin ma'ahadi kuwa yakan cika su ne da kintace.

Na biyu shi ne wurin da aka ajiye ofishin. Ƙofarsa tana kan barandar da ake bi zuwa ofishin mukafa'a, da babban allo a samanta, saboda haka duk wanda ya shiga ya shiga ne a idon jama'a. Ga al'umma ƙarama kamar tamu, inda labari yake isa gida kafin mai shi ya isa, wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutum baya. Lokutan aikin kuma daga Lahadi zuwa Alhamis ne, da safe zuwa bayan azahar, daidai lokacin darussa, sai ɗalibin da yake tsoron hirmani ya ga kamar an ce ya zaɓi tsakanin lafiyarsa da halarta. Idan jarrabawa ta matso layin yakan yi tsawo.

Akwai kuma tsoron da ba a cika furtawa ba, wanda na ji daga bakin mutane da dama: idan na faɗa musu abin da ke damuna, ba za a rubuta a fayil ɗina a soke mini minha, wato tallafin karatu, a mayar da ni gida ba? Da na yi wa Dakta wannan tambaya, ya ce bayanan ganawa ba sa zuwa wurin malamai ko kulliya, kuma ba a buɗe sirri sai idan akwai haɗari ga ran ɗalibin ko na wani. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Saudiyya, wadda aka zartar a 2014, ita ma ta sanya kiyaye sirri cikin haƙƙoƙin majiyyaci. Amma ban ga dalilin da zai sa sai an tambaya kafin a ji wannan ba. Kamata ya yi a rubuta shi a takarda guda, a fassara shi zuwa harsunan ɗalibai, a raba a ranar da sababbi suka iso, domin baƙon da zamansa ya dogara da iƙama ba zai buɗe cikinsa a kan zato ba. Abin takaici ma shi ne sashen yana iya zama mai ceton karatun, tunda yakan shiryar da wanda rashin lafiya ya kayar a kan yadda zai nemi uzurin janyewa daga zango kafin sakamako ya lalace, amma waɗanda suka fi buƙatar sanin haka sukan ji labari bayan inzari ya riga ya fito.

Wayar da kan da sashen yake yi bai taka kara ya karya ba. A ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, akan kafa tebur a harabar jami'a da gahawa da dabino da ƙasidu na Larabci, a ɗauki hotuna, a tashi. Ban taɓa ganin an zo masaukin ɗalibai baƙi bayan isha, lokacin da kowa yake nan, an zauna da su ba. Su ma matan ɗalibai masu iyali, waɗanda suke wuni a ɗaki guda a unguwar da ba su jin harshenta, wasu da sabon jego ba uwa ba kaka a kusa, ba sa cikin lissafin sashen tunda ba ɗalibai ne ba, alhali ciwon damuwa na bayan haihuwa larura ce sananniya, kuma idan ta kama matar ba ta barin karatun mijin.

Saboda sashen yana rufewa da rana, yana da kyau kowane ɗalibi ya ajiye wasu lambobi a wayarsa. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ce kuma tana aiki dare da rana. Cibiyar ƙasa mai kula da bunƙasa lafiyar ƙwaƙwalwa tana da layin ba da shawara a 920033360 da kuma manhajar waya mai suna Qareboon. Idan kuwa wani ya sha wani abu, ko yana maganar kashe kansa, ko ya fita hayyacinsa, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tsaya shawarar yadda za a rufe maganar.

Ga wanda ya yi mako 2 ko fiye barcinsa ya ɓaci, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ko waswasi yana cinye masa lokacin salla da karatu, ina ba shi shawarar ya je tun kafin lissafin rashin halarta ya taru. Ya rubuta abin da yake son faɗa da Hausa a daren da zai je, ya juya shi zuwa Larabci gwargwadon iyawarsa, domin a gaban baƙo kalmomi sukan gudu. Ya fara da tambayar wa zai ga bayanansa. Idan dole sai da tafinta, ya zaɓi wanda ba ɗan garinsu ba ne kuma ba ɗan ɗakinsu ba, ya kuma nemi a ba shi mintunan ƙarshe shi kaɗai da mai ba da shawarar. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu kuma suna da abin yi a nan wanda bai fi ƙarfinsu ba, wato su rubuta wa ofishin harkokin ɗalibai a hukumance su nemi a horar da wasu manyan ɗalibai masu jin Hausa a kan amanar tafinta, a fassara takardar sirri, a kuma ware yammacin rana guda a mako domin waɗanda darussa suke hana su zuwa da safe.